SHARHI: Hawan jinin matasa da jijiyar da ba a dubawa a Hunkuyi, Makarfi da Ikara

Daga ranar 28 ga Oktoba zuwa 3 ga Nuwamban 2024, zauren kwamishinonin lafiya na jihohin Najeriya ya gudanar da gangamin auna hawan jini da ciwon sukari kyauta, da burin kaiwa ga mutum miliyan 10 a faɗin ƙasa. Saƙon gangamin gajere ne: kowa ya san lambarsa, sannan ya kula da ita. Babu mai jayayya da amfanin wannan kira a ƙasar da yawancin masu hawan jini ba su san suna ɗauke da shi ba.

Sai dai lambar da na'ura ke nunawa tana faɗin yadda jini ya hau ne kawai, ba ta faɗin abin da ya hau da shi. Ga dattijo mai shekara 60, wannan bambanci ba ya sauya magani sosai. Ga matashi mai shekara 19 da ke lodin rake a kasuwar Makarfi, ko amarya mai shekara 20 da ta je awon ciki na farko daga Likoro, bambancin na iya zama tsakanin warkewa da shan ƙwaya har mutuwar wuri. Ɗaya daga cikin cututtukan da ke sa jinin matashi ya hau ita ce tsukewar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Ana haihuwar mutum da ita, ana iya gyara ta, kuma ana iya zarginta da gwajin da bai fi minti biyar ba. Tsarin da Najeriya ta ɗauka na yaƙi da hawan jini bai ba wannan gwaji muhimmancin da ya kamata ba, kuma yankuna irin su Kudan, Makarfi da Ikara ne giɓin ya fi shafa.

Girman matsalar da hanyar da aka zaɓa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Satumban 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma huɗu cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta ishe su. A Najeriya, wani nazari da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa masu cutar sun tashi daga miliyan 4.3 a 1995 zuwa miliyan 27.5 a 2020. Kashi 29 cikin 100 ne kawai suka san suna da ita, kashi 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita kuwa ba su kai kashi 3 ba.

Likitocin ƙasar ba za su iya ganin mutum miliyan 27 ɗaya bayan ɗaya ba. Shi ya sa a 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara shirin daƙile hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko, inda aka soma da jihohin Kano da Ogun. Ginshiƙin shirin shi ne sauƙaƙa aiki: a miƙa wa malaman asibiti na karkara ƙa'ida guda mai hawa-hawa. A fara da ƙwayar amlodifin, idan jini bai sauka ba a haɗa da losatan, a ci gaba da ƙarawa bisa tsari.

Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta dace da mafi yawan majiyyata. Kimanin tara cikin goma na manya masu hawan jini ba su da wata cuta guda a jiki da za a nuna a ce ita ce sanadi. Gado ne da shekaru da gishiri da ƙiba suka haɗu. Ragowar kashi 5 zuwa 10 kuwa wata cuta ce ta daban ke tura jininsu sama, kuma gwargwadon ƙuruciyar majiyyaci, gwargwadon yiwuwar yana cikin wannan rukuni. A ƙananan yara ma su ne suka fi yawa. Ciwon ƙoda ne kan gaba, sai matsalolin sinadaran jiki, sai tsukewar jijiyoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da wannan. A ƙa'idar da ta tsara domin ƙananan asibitocin ƙasashe masu ƙarancin kayan aiki, ta rubuta cewa duk wanda bai kai shekara 40 ba aka samu awonsa ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa, a tura shi babban asibiti domin a bincika ko akwai wata cuta a ƙarƙashi. Wannan sharaɗi shi ne mafi sauƙin mantawa a ranar gangami, lokacin da layi ya yi tsawo, kuma abin da ake tambayar ma'aikaci da yamma shi ne mutum nawa ya auna.

Mene ne tsukewar babbar jijiya

Jijiyar da likitoci ke kira awota ita ce uwar jijiyoyin jiki. Tana tasowa daga ɗakin hagu na zuciya, ta lanƙwasa a saman ƙirji kamar kan sanda, ta raba rassa zuwa kai da hannuwa, sannan ta gangara ta bayan ƙirji ta ciyar da hanji, ƙoda da ƙafafu. A wasu jarirai, ana samun wuri guda da ya tsuke, galibi jim kaɗan bayan reshen da ke zuwa hannun hagu.

Manomin rani a fadamun Kudan ya san abin da ke faruwa idan tiyon ban-ruwa ya lanƙwashe a tsakiya. Daga inji zuwa wurin lanƙwasar, tiyo kan cika ya yi tauri kamar zai fashe, injin ya riƙa nishi, a can bakin kwami kuwa ruwa na zuba a hankali. Haka jikin mai wannan cuta yake: jini na dukan kai da hannuwa da ƙarfi, ƙafafu kuma suna samun ragowa.

Ƙoda ce ke ƙara dagula lamarin. Tana ƙasa da wurin da ya tsuke, saboda haka jinin da ke isa gare ta ba shi da ƙarfi. Sai ta ɗauka jinin jiki ne gaba ɗaya ya yi ƙasa, ta saki sinadarin renin, wanda ke sa jijiyoyi su ƙara matsewa, jiki kuma ya riƙe gishiri da ruwa. Ta haka jinin da ya riga ya hau a sama yake ƙara hawa. Da tafiya ta yi tafiya, bangon jijiyoyin sama kan yi kauri ya rasa laushi, tsokar zuciya ma ta yi kauri saboda turin da take yi dare da rana.

Ana samun cutar a kimanin jarirai 4 cikin kowane 10,000, kuma ita ce kashi 5 zuwa 8 na nakasun zuciya da ake haihuwa da su. Ta fi yawa a maza. Aƙalla rabin masu ita suna da wata tawaya a ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa jijiyar, inda murfin ke da ɓari biyu maimakon uku. Kimanin ɗaya cikin goma kuma suna da kumburin wata jijiya a ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini kan iya fasawa. Akwai kuma tsukewar da ke zuwa daga baya sakamakon kumburin bangon jijiya, wato cutar Takayasu, wadda ta fi kama 'yan mata da mata masu ƙuruciya.

Yadda take ɓuya

Cutar tana da fuska biyu. Idan tsukewar ta yi tsanani, jariri kan fito lafiya, domin akwai wata 'yar jijiya ta zaman ciki da ke kewaye wurin da ya toshe. Cikin kwanakin farko wannan jijiya kan rufe, kamar yadda take yi ga kowane jariri. Daga nan sai yaro ya daina kama nono, numfashinsa ya yi sauri, jikinsa ya yi sanyi, wani lokaci kafin ranar suna, wani lokaci bayanta da kwanaki. Alamun sun yi kama da na ciwon haƙarƙari ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, kuma da su ake yawan rikita ta.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa adadin bai kai kashi 20 ba. Jaririn da aka haifa a ɗaki, ya rasu cikin mako biyu, babu takardar da za ta ɗauki sunan cutarsa. Wannan na da muhimmanci wajen karanta alƙaluman asibitocin koyarwa na Najeriya, waɗanda ke nuna cutar ba ta da yawa idan aka kwatanta da Turai. Mai yiwuwa ne da gaske ta fi ƙaranci a baƙar fata, kamar yadda wasu masana ke gani. Amma asibiti na ƙirga wanda ya iso ne kawai.

Fuska ta biyu ita ce ta wanda tsukewarsa ba ta kai ta kashe shi a jarirta ba. Jikinsa kan buɗe ƙananan hanyoyi ta jijiyoyin da ke tsakanin haƙarƙari da na kafaɗa, jini ya riƙa zagayawa ta nan zuwa ƙasa. Irin wannan yaro kan girma, ya yi noma, ya buga ƙwallo. Abin da zai riƙa ji bai wuce ciwon kai, haɓo, sanyin ƙafa, ko gajiyar ƙafafu idan ya yi gudu ba. A garuruwan da kemis ne asibitin farko, ciwon kai kan ƙare da farasitamol ko maganin zazzaɓin cizon sauro, haɓo kuma a ɗora wa zafin bazara.

Ƙarfin jiki ba shaidar lafiyar zuciya ba ne. A 1996, makonni bayan Nwankwo Kanu ya jagoranci Najeriya ta ci zinare a wasannin Olamfik na Atlanta, gwajin lafiya a ƙungiyar Inter Milan ya gano tawaya a ƙofar wannan babbar jijiya tasa, aka yi masa tiyata a Amurka. Cutarsa ta ƙofa ce, daban da tsukewar da ake magana a kai, amma darasin ɗaya ne: an gano ta ne saboda akwai tsarin da ya tilasta a duba shi yana tsaye da ƙafafunsa.

Abin da jinkiri ke ci

A 1970, likitan zuciya na Ingila Maurice Campbell ya wallafa nazari kan makomar masu wannan cuta da suka tsallake jarirta ba tare da an yi musu gyara ba. Matsakaicin shekarun mutuwarsu 34 ne. Kashi ɗaya cikin huɗu sun rasu kafin shekara 20, rabi kafin 32, uku cikin huɗu kafin 46. Abubuwan da suka kashe su su ne gazawar zuciya, fashewar babbar jijiyar, shigar ƙwayoyin cuta cikin zuciya, da zubar jini a ƙwaƙwalwa. Waɗannan su ne mace-macen da a unguwa ake cewa mutum ya yanke jiki ya faɗi, ko a ce lafiyarsa ƙalau aka kwanta.

Maganin ba sabo ba ne. Tun a Oktoban 1944 likita Clarence Crafoord ya yanke wurin da ya tsuke ya haɗa bakin jijiyar biyu a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, Robert Gross kuma ya yi irin wannan aiki a Boston a 1945. Galibi ana shiga ne ta gefen hagu na ƙirji, ba tare da an tsayar da zuciya ko an ɗora majiyyaci kan injin da ke maye gurbin zuciya da huhu ba. A yau, ga manyan yara da baligai, akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya, a hura balan-balan a wurin da ya tsuke, a bar ragar ƙarfe ta tokare shi.

Lokacin da aka yi gyaran shi ke yanke hukunci. Asibitin Mayo na Amurka ya bi sawun majiyyata 646 da aka yi wa aikin tsakanin 1946 da 1981. Cikin waɗanda aka yi wa kafin su cika shekara 14, kashi 91 suna raye bayan shekara 20. Cikin waɗanda aka yi wa daga shekara 14 zuwa sama, kashi 79 ne. Nazarin ya kuma nuna cewa shekarun majiyyaci a ranar tiyata su ne suka fi nuna ko hawan jininsa zai tafi ko zai zauna. Jijiyoyin da suka shekara 20 suna shan duka ba sa komawa yadda suke, ko da an buɗe hanya. Saboda haka wanda aka yi wa gyara yana buƙatar bibiya har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ne haɗarin ƙa'idar bai-ɗaya yake. Matashin da aka ɗora kan ƙwaya ba tare da bincike ba, jininsa na iya ɗan sauka, shi da malamin asibiti su samu natsuwa, shekarun da gyara ya fi amfani kuma suna wucewa. Idan jinin ya ƙi sauka, sai a ƙara ƙwaya ta biyu da ta uku, ko a zarge shi da wasa da magani. Ga mace akwai ƙarin haɗari. Juna biyu na ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, abin da ke ƙara wa jijiyar nauyi, kuma hawan jinin da ta zo da shi tun haihuwa ana iya ɗaukarsa a matsayin na masu ciki, mai kai wa ga jijjiga. Losatan da ke mataki na biyu na ƙa'idar ma ba a ba mai ciki, domin yana cutar da ɗan tayi.

Gwajin minti biyar

Ba a buƙatar lantarki kafin a zargi wannan cuta. Ma'aikaci zai ɗora yatsun hannu ɗaya a wuyan hannun dama na majiyyaci, na ɗayan kuma a mahaɗar cinya da mara. A jikin mai lafiya, bugun biyu kan zo tare. A jikin mai tsukewa, na cinya kan makara, ko ya zo da rauni, ko a rasa shi.

Sai awo. A auna hannun dama, a auna na hagu, sannan a kwantar da majiyyaci a auna ƙafa. A bisa al'ada lambar sama ta ƙafa takan ɗan ɗara ta hannu. Idan ta hannu ce ta fi ta ƙafa da 20 ko sama da haka, an samu dalilin tura shi gaba. Hoton ƙirji na iya nuna ƴan gimtse-gimtse a ƙasan haƙarƙari, inda jijiyoyin kewaye suka ci ƙashi. Hoton zuciya na eko, da sitisikan, su ke tabbatarwa.

Abu biyu ke hana wannan gwaji a karkara. Na farko kayan aiki: na'urar awo takan zo da maɗauri guda na hannun baligi, alhali cinya na buƙatar babba, yaro kuma ƙarami. Maɗaurin da ya yi wa gaɓa kaɗan yakan nuna lamba sama da gaskiya. Na biyu kunya. A Hunkuyi ko Ikara, namiji ba zai taɓa mahaɗar cinyar matar aure ba tare da an yi tunani ba, kuma wannan abin fahimta ne. Amma akwai mafita: ana iya ɗaura maɗaurin hannu a ƙwauri sama da idon sawu, a kuma ji bugun jini a bayan idon sawu ko a kan tafin ƙafa ta sama. Inda akwai ma'aikaciya mace, ita ce za ta duba mata. Abin da ya rage shi ne a koyar, a kuma rubuta shi cikin takardar da ake cikewa.

A Amurka, ƙungiyar likitocin yara ta ba da shawara a 2017 cewa a riƙa auna jinin kowane yaro sau ɗaya a shekara daga shekara uku. Yaron karkara a Arewa kuwa yana iya kammala sakandare ba a taɓa ɗaura masa na'urar ba.

Daga Hunkuyi zuwa Shika

Ta fuskar nisa, Hunkuyi na cikin garuruwan da suka yi sa'a. Hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan ce, tana kan hanyar da ta tashi daga Zariya ta nufi Kafur a jihar Katsina, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Akwai babban asibiti a Hunkuyi, akwai a Makarfi, akwai a Ikara. Jihar Kaduna ta ɗauki tsarin samar da cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓunta 255. A Makarfi kuma akwai makarantar Shehu Idris, wadda ta daɗe tana yaye malaman asibitin da ke riƙe da cibiyoyin karkara a jihar.

Matakalar ta cika a takarda: daga cibiyar mazaɓa zuwa babban asibiti, daga nan zuwa Shika. Abin da ke karya ta kuɗi ne da ƙarancin ma'aikata. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fita. Iyalin da suka dogara da kakar tumatir ko rake za su auna kuɗin mota, kuɗin kati, kuɗin hoto da kwanakin aikin da za a rasa, a kan yaron da a ido lafiyarsa lau. Sau da yawa takardar turawa takan ƙare a ƙarƙashin katifa.

A Maris ɗin 2024, Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne, mafi yawansu a manyan birane. Ƙwararrun zuciyar yara da masu tiyatar ƙirji su ne mafi ƙaranci a cikinsu. Najeriya ta yi tiyatar buɗe zuciya ta farko tun 1974 a asibitin koyarwa na Inugu, inda Magdi Yacoub ya yi aiki tare da Fabian Udekwu. Bayan shekara 50, iyalai da dama har yanzu suna jiran zuwan ayarin likitocin agaji, ko suna neman taimako a Facebook domin tara miliyoyin nairar tafiya Indiya ko Masar. Gidauniyar da Kanu ya kafa a 2000 ta taimaki yara da yawa, amma sadaka ba ta isa ta zama tsarin ƙasa.

Hujjar masu cewa ba ta kai a damu ba

Mai tsara kasafi zai iya cewa cutar da ke kama 4 cikin 10,000 ba ta cancanci a ɗauke hankali daga zazzaɓin cizon sauro, tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ba. Hujja ce mai nauyi. Gaskiya ne kuma cewa yawancin matasan da za a duba ba za a same su da tsukewa ba.

Lissafin yana da wani gefe. Najeriya na haihuwar jarirai kimanin miliyan 7 a shekara; idan aka ɗora ƙiyasin duniya a kai, ana maganar yara kusan 2,800 duk shekara. Ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan suna da mutum kusan rabin miliyan a ƙidayar 2006. Ko da a ce haihuwa 20,000 kawai ake yi a cikinsu a shekara, yara takwas ke nan, shekara bayan shekara.

Babu kuma mai neman a sayi na'urar eko a kowace mazaɓa. Abin da ake nema shi ne a ware matasan da awo ya riga ya nuna jininsu ya hau, a ƙara musu minti biyar. Turawar da za ta kama mai tsukewa ɗaya ita ce za ta kama masu ciwon ƙoda da yawa tun kafin su kai ga wankin ƙoda, wanda tsadarsa ke tsiyata gida. Ita ce kuma za ta sa a tambayi matashi ko yana yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ko wasu ƙwayoyi da mayukan da ke ɗauke da sinadarin siteroyid, waɗanda su ma ke hawar da jini.

Inda alhaki yake

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma awon hawan jini na cikin ayyukan da asusun ke ɗauka. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jihar Kaduna na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KADCHMA. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Dokoki da hukumomi sun wadata. Yankin ma bai rasa murya ba: ya fitar da Ahmed Makarfi, gwamna daga 1999 zuwa 2007, kuma kujerar sanatan Kaduna ta Arewa ta zauna a hannun 'ya'yansa daga 2007 zuwa 2019, Makarfi sannan Suleiman Hunkuyi.

Matakan da za su sauya lamarin ƙanana ne, kuma kowanne na da ofishin da za a tambaya. Hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar za ta iya ƙara layi biyu a rajistar hawan jini: shekarun majiyyaci idan bai kai 40 ba, da sakamakon awon ƙafa. Shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya sayen maɗaurai masu girma uku ga cibiyoyin mazaɓunsu, da kuɗin da bai kai na taron siyasa guda ba. Makarantar Shehu Idris za ta iya sanya jin bugun cinyar jariri da awon ƙafa cikin jarrabawar aiki da hannu, ungozomomi kuma a koya musu cewa jaririn da ya daina kama nono a makon farko ko na biyu na asibiti ne a ranar. KADCHMA na iya bayyana wa jama'a a fili ko hoton eko na yaro ko matashin da aka turo daga karkara yana cikin abin da take biya.

Ga matashin da aka ce jininsa ya hau, shawarar likitoci ba ta sauya ba: kada ya daina maganin da aka rubuta masa da kansa. Haƙƙinsa ne dai ya nemi a auna hannuwansa biyu da ƙafa, a gwada fitsarinsa, a kuma ba shi takardar ganin likita.

Idan aka sake gangamin awo, za a fito da adadin waɗanda aka auna, kuma zai yi daɗin ji. Ƙungiyoyin matasa da 'yan majalisar da ke wakiltar Kudan, Makarfi da Ikara suna da damar neman wasu alƙaluma uku a kansa: nawa ne cikin masu hawan jinin ba su kai shekara 40 ba, nawa aka tura gaba, nawa kuma suka isa Shika.